Man tsirrai da cututtukan fatar kare: amfaninsa, iyakarsa da haɗarinsa

Ciwon fata na daga cikin manyan dalilan da ke sa a kai kare asibitin dabbobi a Najeriya, musamman a jihohin kudu da na tsakiya, inda damina ke da tsawo kuma iska ke ɗauke da laima. Kafin a kai ga asibitin, masu karnuka da dama sukan fara gwada abin da ke kusa da hannu: man darbejiya, man kwakwa, man kaɗanya, man habbatus sauda, ko kuma ƙananan kwalaben mai masu ƙamshi da ake tallatawa a shafukan sada zumunta. Wasu daga cikin waɗannan suna kawo sauƙi. Wasu ba sa taɓa cutar ko kaɗan, wasu kuma suna iya kashe dabbar. Lamarin ya shafi mutanen gida ma, domin akwai cututtukan fatar kare da ke kama yara da manya.

Cututtukan da ake kira da suna ɗaya

Yawanci da zarar an ga kare yana susa, gashi yana zuba, sai a ce ƙazuwa ce. A wurin likitan dabbobi kuwa, waɗannan alamu na iya fitowa daga cututtuka daban-daban, kuma kowace da maganinta.

Ta farko ita ce ƙazuwa ta ainihi, wadda wani ɗan ƙwaro mai suna Sarcoptes scabiei ke haddasawa. Ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Macen ƙwaron takan haƙa rami a cikin fata ta zuba ƙwai, kuma daga ƙwai zuwa balaga bai wuce kimanin mako 3 ba. Ƙaiƙayin yakan yi tsanani, ya fara daga gefen kunnuwa, gwiwoyin ƙafafu da ciki. Tana yaɗuwa cikin sauri tsakanin karnuka, tana kuma sa wa mutum ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki, ko da yake ƙwaron kare ba ya daɗewa a jikin ɗan Adam.

Ta biyu ita ce wadda ƙwaron Demodex canis ke kawowa. Wannan yana zaune ne a cikin ramin gashi, kuma 'yan kwikwiyo suna samunsa daga uwarsu a kwanakin farko na shan nono. Kusan kowane kare yana ɗauke da kaɗan daga cikinsa ba tare da wata illa ba. Cutar takan bayyana ne idan garkuwar jiki ta yi rauni saboda ƙuruciya, yunwa, tsutsar ciki ko wata cuta ta daban. Ba ta kama mutum.

Ta uku ita ce makero, wanda ƙwayoyin fumfuna irin su Microsporum canis ke haddasawa. Yakan fito a matsayin da'irar da gashi ya zube, da ɓawo-ɓawo a kai. Yana kama mutane, musamman yaran da ke wasa da 'yan kwikwiyo da kyanwa, kuma irinsa na iya zama da rai a shimfiɗa da ƙurar ɗaki fiye da shekara guda.

Akwai kuma ƙuraje masu ruwa ko mugunya, waɗanda galibi bakteriyar Staphylococcus pseudintermedius ke kawowa, sai kuma wani nau'in yis mai suna Malassezia da ke sa fata ta yi maiƙo da wari, musamman a kunne, hammata da tsakanin yatsu. Waɗannan biyun sukan biyo bayan wata matsala ce, kamar cizon ƙuma, kaska ko borin jini. A yankunan da ke da laima akwai ƙudan da ake kira tumbu, wanda ke zuba ƙwai a ƙasa mai yashi da fitsari ko kashi ya ɓata. Tsutsarsa takan shiga fatar kare ta yi kumburi kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya.

Tun da tushen cututtukan ya bambanta haka, babu mai guda ɗaya da zai warkar da su duka. Likita kan kankare fata kaɗan ko ya ciri gashi ya duba a madubi, wani lokaci ya haska fitila ta musamman ko ya aika samfuri ɗakin gwaji, kafin ya san wadda yake fuskanta.

Mai iri biyu ne

Kalmar man tsirrai ta haɗa abubuwa biyu da suka sha bamban. Na farko shi ne man da ake matsowa daga ƙwaya ko 'ya'yan itace, kamar man kwakwa, man zaitun, man kaɗanya, man alayyadi da man darbejiya. Irin wannan yana da kauri da maiƙo, ba ya bin iska. Na biyu shi ne tataccen mai mai ƙamshi da ake fitarwa da tururi daga ganye, ɓawo ko fure, kamar man kanumfari, man girfa, man na'a-na'a, man itacen turare da man itacen shayi na Ostireliya. Ana tara ganye mai yawa kafin a sami 'yar kwalba guda, don haka sinadaran da ke ciki suna da ƙarfi ƙwarai. Mafi yawan gubar da ake gani a dabbobin gida daga wannan rukuni na biyu take fitowa.

Jikin kare kuma ba daidai yake da na mutum ba. Saman fatarsa ya fi na ɗan Adam siranta, kuma idan ta riga ta yi rauni da susa, abin da aka shafa yakan ratsa zuwa jini cikin sauƙi. Bugu da ƙari, kare yana lasar jikinsa, saboda haka duk abin da aka shafa masa, wani kaso nasa zai shiga cikinsa. Ɗan kwikwiyo da ƙaramin kare sun fi shiga haɗari, domin ɗigon da babban kare zai iya jurewa ya isa ya kwantar da su.

Man darbejiya

Darbejiya, wadda ake kira dogon yaro ko maina, asalinta daga yankin Indiya take, kuma ta shigo Afirka ta Yamma a farkon ƙarni na 20. Ƙwayar 'ya'yanta tana ɗauke da sinadarin azadiraktin, wanda masu bincike a Jami'ar Keele ta Ingila suka fara warewa a shekarar 1968. Sinadarin yana hana ƙwari cin abinci, yana kuma dagula musu saɓa da hayayyafa. Wannan ne ya sa manoma ke amfani da darbejiya wajen kare amfanin gona, kuma ake saka manta a cikin sabulun wankan dabbobi.

A jikin kare, man darbejiya da aka sirka na iya korar ƙuma da rage yawanta na ɗan lokaci. Sai dai yana da iyaka ta fuska uku. Hasken rana yana lalata azadiraktin cikin sauri, don haka kariyar ba ta daɗewa. Yawan sinadarin ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba gwargwadon yadda aka matso man da yadda aka adana shi. Sannan ƙwaron da ke can cikin ramin gashi ko ƙarƙashin fata ba lallai ne man ya kai gare shi yadda zai ƙarar da shi ba. Shan man kuma yana da haɗari: a Indiya da Malesiya an sami yara ƙanana da suka kamu da amai da farfaɗiya bayan an ba su shi, a Birtaniya kuma an sami rahoton kyanwoyin da suka yi rawar jiki bayan an shafa musu.

Man kwakwa, man kaɗanya da danginsu

Kusan rabin kitsen da ke cikin man kwakwa wani nau'i ne da ake kira laurik, wanda gwaje-gwajen ɗakin bincike suka nuna yana hana wasu bakteriya yaɗuwa. Abin da aka gani a cikin faranti a ɗakin gwaji, duk da haka, bai zama hujjar cewa man zai warkar da ƙurji mai mugunya a jikin kare ba. Amfaninsa da aka fi tabbatarwa shi ne tausasa busasshiyar fata da laushe ɓawo.

Haka abin yake ga man kaɗanya, wanda ake samarwa da yawa a jihohin Neja, Kwara, Kebbi da Oyo. Yana taimaka wa tafin ƙafa da ya tsage, da busasshen hanci, da kantar gwiwa, musamman lokacin hunturu. Man zaitun da man alayyadi ma aikinsu ke nan. Man habbatus sauda yana ɗauke da sinadarin timokwinon da ake ci gaba da bincike a kansa, amma ba ya cikin magungunan da likitocin dabbobi suka amince da su don ƙazuwa ko makero, kuma yana iya sa fata mai rauni ta yi ja.

Akwai yanayin da maiƙo ke ƙara ta'azzara ciwo. Yis ɗin Malassezia yana son maiƙo, saboda haka shafa mai a fatar da ta riga ta yi danshi da wari tamkar ƙara wa wuta itace ne. Gyambo mai ruwa yana buƙatar aske gashin da ke kewaye da shi, da wankewa, da iska. Idan aka lulluɓe shi da mai, sai zafi da laima su taru a ƙasa. Karen da ya lashi mai da yawa kuma yakan yi gudawa. Zuba mai a kunnen da ke fitar da ruwa shi ma ba daidai ba ne sai likita ya duba ya tabbatar dodon kunne bai fashe ba.

Wurin da mai mai kauri ke yin aiki a zahiri shi ne tsutsar ƙudan tumbu. Tsutsar tana numfashi ne ta ɗan ramin da ke tsakiyar kumburin. Idan aka toshe ramin da mai mai kauri, takan matso waje neman iska, sai a matse ta a hankali a fitar da ita ɗungurungum, a wanke wurin. Idan tsutsotsin suna da yawa, ko suna kusa da ido, ko kuma ɗan kwikwiyo ne, aikin na likita ne.

Man da ke sa guba

Man itacen shayi, wanda ake samu daga bishiyar Melaleuca alternifolia ta Ostireliya, shi ne aka fi sanin illarsa. Wani nazari da mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta wallafa a shekarar 2014 ya bi diddigin dabbobi 443, wato karnuka 337 da kyanwoyi 106, waɗanda tsantsar man ya taɓa tsakanin 2002 da 2012. A mafi yawan lokuta masu dabbobin ne da kansu suka shafa musu da niyyar magani. Alamomin da aka gani sun haɗa da dalalar yawu, kasala, tangaɗi, shanyewar ƙafafu da rawar jiki. Sukan bayyana cikin awa 2 zuwa 12, su kai har kwana 3. Kayan wankan dabbobi da ke ɗauke da wannan mai yawanci ba sa wuce kashi 1 cikin 100, alhali kwalbar da ake sayarwa a kanti sau da yawa tsantsa ce.

Akwai wani nau'in na'a-na'ar Turai, Mentha pulegium, da aka daɗe ana tallata mansa don korar ƙuma. Yana lalata hanta, kuma an sami karen da ya mutu bayan an shafa masa. Man kanumfari da man girfa suna ƙona fata idan ba a sirka su ba, man itacen turare kuma yana sa amai da rauni idan aka lasa. Jiƙa tafarnuwa ko albasa a cikin mai shi ma kuskure ne, domin dukansu suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. 'Ya'yan zurma, waɗanda ake matso mansu, suna ɗauke da guba mai kisa idan kare ya tauna su. Gidan da ke da kyanwa yana buƙatar ƙarin hattara, saboda hantarta ba ta iya sarrafa irin waɗannan sinadarai kamar ta kare.

Ban da man tsirrai, akwai wasu abubuwa da ake shafa wa kare mai ƙazuwa a unguwanni da ƙauyuka: baƙin man inji, kananzir, da maganin ƙwari irin fiya-fiya. Baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa masu guba da sinadaran da ke haddasa sankara. Kananzir yana ƙona fata, yana lalata huhu idan ya sarƙe dabbar. Fiya-fiya kuwa galibi sinadarin dikilobos ne, wanda ke ratsa fata ya taɓa jijiyoyi, kuma hukumar NAFDAC ta tsaurara matakai kan sayar da shi a shekarar 2019. Haka nan man shafawa na mutane mai ɗauke da sinadarin kwantar da kumburi yakan rage susa na 'yan kwanaki, amma yana raunana garkuwar fata, makero da Demodex su ƙara bazuwa.

Abin da ya sa ake ganin kamar mai ya yi aiki

Masu karnuka da dama sukan ba da shaidar cewa mai kaza ya warkar musu da dabba, kuma ba ƙarya suke yi ba game da abin da idonsu ya gani. Bayanin yana cikin ɗabi'ar cututtukan. Demodex da ya tsaya a wuri ɗaya ko biyu a fuskar ɗan kwikwiyo yakan warke da kansa cikin mako 6 zuwa 8 yayin da garkuwar jikinsa ke ƙarfi. Makero ma yakan ɓace da kansa bayan 'yan watanni a jikin kare mai lafiya, sai dai kafin nan ya riga ya kama yaran gida. Ƙari a kan haka, wanda ya fara shafa wa karensa mai yakan fara yi masa wanka, ya gyara makwancinsa, ya inganta abincinsa, kuma waɗannan kaɗai suna kawo canji. Mai kuma yana sa ɓawo ya kwanta, gashi ya yi sheƙi, alhali ƙwaron yana nan a ƙasa.

Magungunan da aka gwada

Kasancewar magani daga tsiro ko ƙasa ya fito ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne gwaji da sanin adadi. Ibamektin, wanda aka daɗe ana amfani da shi kan ƙazuwar dabbobi, asalinsa daga wata bakteriyar ƙasa ne da aka gano a Japan, kuma binciken ya sa Satoshi Omura da William Campbell suka sami kyautar Nobel a shekarar 2015. Duk da haka shi ma yana da haɗari idan aka wuce adadi, kamar yadda ke faruwa idan aka ɗebi na shanu aka yi wa kare allura da ka. Wasu jinsunan karnuka, irin su Collie, ba sa jure masa.

A shekarun baya-bayan nan an sami ƙwayoyin taunawa irin su Bravecto, NexGard da Simparica, waɗanda ke kashe ƙuma, kaska da ƙwarin ƙazuwa iri biyun. Ƙurajen bakteriya da ba su yi zurfi ba sukan warke da sabulun ruwa mai sinadarin kulohezidin, wanda ake bari a jiki kimanin minti 10 kafin a ɗauraye. Waɗanda suka yi zurfi suna buƙatar maganin sha na makonni bisa umarnin likita, kuma yanke shi a tsakiya yana haifar da ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani. Makero yana buƙatar maganin wanka da na sha tare da tsabtace ɗaki. Idan ƙazuwar Sarcoptes ce, duk karnukan gidan ake yi wa magani lokaci guda.

Idan za a yi amfani da mai

Likitocin dabbobi ba sa hana man matsa irin na kwakwa ko kaɗanya a kan busasshiyar fatar da ba ta fashe ba, matuƙar an san cutar kuma ana ba da maganinta. Ana fara shafa kaɗan a wuri ɗaya a jira awa 24. Idan wurin ya yi ja ko susa ta ƙaru, sai a daina. Ana shafawa sama-sama, a guji ido, baki, cikin kunne da al'aura, a kuma hana dabbar lasa har ya shiga jiki. Ba a shafa tataccen mai mai ƙamshi tsantsa, ba a ɗura wa kare shi, kuma ba a kusantar da shi ga 'yan kwikwiyo, karya mai ciki ko mai shayarwa, da kare mai ciwon hanta ko farfaɗiya.

Wajen saye, a duba lambar rajistar NAFDAC, ranar lalacewa, jerin abubuwan da ke ciki, da kuma ko an rubuta cewa na karnuka ne. Yawancin magungunan gargajiya da hukumar ta yi wa rajistar farko suna ɗauke da rubutun da ke cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi a kansu ba. Ma'anar haka ita ce lambar ba shaida ba ce ta cewa kayan yana warkar da abin da aka zana a jikin kwalbar.

Idan guba ta bayyana

Idan kare ya fara dalala, tangaɗi, amai ko rawar jiki bayan an shafa masa wani abu, a sa safar hannu a wanke jikinsa da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanoni, a ɗauraye sosai, a tsane shi. Kada a sa shi amai, domin mai na iya sarƙe shi ya shiga huhu, kuma kada a ɗura masa manja ko madara da sunan karya guba. A garzaya da shi asibitin dabbobi tare da kwalbar abin da aka shafa. Dalala da tangaɗi kuma suna cikin alamomin ciwon haukan kare. Saboda haka idan karen ba shi da allurar rigakafi, ko kuma halinsa ya sauya, kada a sa hannu a bakinsa. A killace shi a kira likita. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ya tafi asibiti nan take.

Inda ake samun taimako da hanyoyin kariya

Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Ibadan, Nsukka, Abeokuta, Makurɗi, Abuja, Jos, Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ban da asibitocin gwamnatocin jihohi da na masu zaman kansu. Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ce ke yi wa likitoci rajista, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda tarihinta ya faro daga 1924, kuma tana gwajin cututtuka da samar da alluran rigakafi.

Ya kamata a kai kare asibiti ba tare da jinkiri ba idan gashi yana zuba a wurare da yawa, ko akwai mugunya da wari, ko ya daina cin abinci, ko ciwon ya wuce mako guda yana ƙaruwa, ko kuma wani a gidan ya fara susa. Wanda ƙuraje suka fito masa ya je asibitin mutane, ya shaida wa likita cewa akwai kare mai ciwon fata a gidan.

Ta fuskar kariya, macen ƙuma guda tana iya zuba ƙwai har 50 a rana, kuma mafi yawansu a makwanci da ƙasan ɗaki suke faɗawa, don haka maganin da aka yi wa kare kaɗai ba ya wadatarwa. Ana wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi a shanya a rana, a share ɗakinsa, a kwashe kashi kullum, a toshe tsagogin bango inda kaska ke ɓuya. Makwanci mai tudu da bushewa yana rage tsutsar tumbu. Sabon karen da aka sayo ko aka karɓo kuma ana keɓe shi na 'yan makonni, likita ya duba shi, kafin a haɗa shi da sauran.